Faɗin Yatsa Biyu na Labule

Yanzu hoton fasfo nake ɗauka. Ina da ɗan shago kusa da ofishin da ake yin takardun tafiya, da farin ƙyalle a bango, da kujera guda wadda ƙafarta ta baya take da ra'ayin kanta. Mutum ya zauna in ce masa ɗago haɓa, rufe baki, ban da murmushi, sannan in koma kwamfuta in datse masa kafaɗu da rabin hula. Daga safe zuwa yamma yanka nake yi. Wanda ya san ni shekara goma sha biyu baya, in ya ji haka sai ya nemi wurin zama ya yi dariya, domin a gidan jaridar da na yi aiki Kar-a-taɓa ake kirana.

Ba banza aka sa min sunan ba. Ba na yarda a yanke min hoto. Abin da ya shiga kyamara daga wannan gefe zuwa wancan, shi za a buga, in ba haka ba a bar min kayana. Har huɗuba nake da ita a kan haka, wadda nake yi wa sababbin ma'aikata ko ba su tambaya ba: in ka yanke gefe yau saboda bai yi kyau ba, gobe za ka yanke shi saboda bai yi wa wani daɗi ba. Maganar ba ƙarya ba ce. Abin da ba na faɗa shi ne, ina jin daɗin yadda take fita daga bakina.

Da juyin juya hali ya taso, wata biyar muka yi a titi. A makon farko rigar sulke mai rubutun JARIDA a ƙirji tana kare mu. A mako na uku muka gane rubutun ne ake saitawa, sai muka kankare shi da reza. Muka koyi wasu dabaru. Katin kyamara biyu kake riƙewa: ɗaya cike da hotunan tattabaru da cunkoson motoci, shi kake bari a ciki don sojan da zai tare ka, na gasken kuma ya sauka cikin safa. In ka fake a gidan mutane ba ka faɗin sunanka, ba ka tambayar nasu, don abin da mutum bai sani ba ba a iya matse shi daga bakinsa. Duk da haka a wata na biyu muka rasa Gajere, abokin aikina na shekara tara, mutumin da ko ana ruwan harsashi sai ya tsaya ya goge gilashin kyamara da gefen riga. Yana canza batir aka same shi a wuya. Ni na kai wa matarsa jakarsa.

Ranar da nake son ba da labarinta Laraba ce. Tun ƙarfe goma ina babban dandalin gari, mai dogon agogo a tsakiya. Wajen ɗaya da rabi barkonon tsohuwa ya tsaya, kuma duk wanda ya daɗe a titi ya san tsayawarsa ba alheri ba ce. Sai ƙarar ta canza. Zan so in ce na dake na ci gaba da ɗauka. Gudu na yi, irin gudun da tumbina bai san ina da shi ba. Na faɗa wata ƙofa tsakanin kantin magani da shagon gyaran waya, na hau bene hawa biyu, na tura ƙofar farko da ta yarda.

Ɗakin ɗinki ne: keke biyu, teburin yanka, dutsen guga, riguna a rataye a igiya. Wani dattijo yana tsaye da almakashi a hannu, tef a wuya, alli a bayan kunne. Matarsa tana durƙushe a bayan keke. Ya dube ni, ya dubi kyamarar.

"Awo ka zo ko gyara?" ya ce.

"Baba, taga nake so. Minti biyar kawai."

"Malam, rufe ƙofar nan ka sauko ƙasa," matar ta ce wa mijinta. "Kana tsaye ƙiƙam kamar kai aka aiko ka tare harsashin."

Tela ya rufe ƙofa, amma bai sauko ba. Ya nuna ni da bakin almakashi. "Sharaɗi ɗaya. Kada a san daga nan ne. Ina da 'ya a makarantar koyon jinya, ina kuma da wannan."

"Wannan ɗin tana jin ka," matar ta ce.

"Ba wanda zai sani, Baba," na ce. "Aikina ne." Da muryar ƙwararre na faɗa, har yanzu ina jin ta a kunnena.

Tagar tana da labule, irin wanda sai a gidan tela ake samu. Ragowar ƙyallaye ne aka harhaɗa, ja da rawaya da kore da mai zane, ba biyu iri ɗaya. Na ɗan ture shi da bakin kyamara, iyakar inda ido zai fita.

Dandalin da ya cika da mutane minti ashirin baya, ba kowa sai takalma. Ɗaruruwan takalma, warin wannan nan, warin wancan can. Motar kwashe shara ta shigo da baya. Sojoji huɗu sun ɗauko wani mutum hannu da ƙafa suna nufar ta da shi, ƙafarsa ɗaya da takalmi ɗaya babu. Sama da su agogo yana nuna biyu da minti goma. Sau shida na danna. Na huɗun shi ne wanda duniya ta sani.

Da na juyo, matar ta miƙo min ruwa a kofi tana kawar da kai. Ashe a gudun nan wandona ya yage tun daga gwiwa har inda ba a faɗa.

"Cire," in ji tela. "Ba za ka fita daga shagona haka ba, a ce ni na ɗinka."

Haka babban mai hoton jarida ya zauna a kan benci ɗaure da zanen wata mata da ba ta zo karɓa ba, ana harbi a waje, keke yana tafiya a ciki. Yana cikin ɗinki ya hango ina cusa kati a safa.

"Mene ne wannan?"

Na gaya masa.

"Safa?" Ya yi tsaki. "Jariri ma ya san safa. Kawo."

Ya warware kalmasar ƙafar wandon, ya sa katin, ya maida ɗinki, ya bi shi da dutsen guga. Da na fito wajen uku da rabi, a shingen farko aka sa ni na cire takalmi da safa, aka zazzage jaka, aka ƙwace katin tattabaru, aka ƙara min da mari kyauta. Ba wanda ya dubi ƙafar wando.

A ofis babu wuta tun safe. Dokar hana fita tana farawa ƙarfe shida, don haka biyar za a kai shafi injin bugawa. Na buɗe 'yar kwamfutata, na rage hasken fuskarta har ƙasa don batir ya kai ni. Edita ta zo ta tsaya a kaina. Mace ce mai tabarau a sarƙa, wadda ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, ban kuma taɓa ganin wanda ya so ta maimaita magana ba. Ta daɗe tana kallon hoton. Sannan ta ɗora yatsa biyu a gefensa na hagu, daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

"Labule ne."

"Na ga labule ne. Na wani ne. Yanke shi."

"Hajiya, kin san ƙa'idata."

"Na san ta, na haddace ta, zan iya yi maka ita da ka. Yanke shi."

Sai na hau huɗuba. Na ce gwamnati za ta ce haɗin kwamfuta ne, kuma abin da zai kare mu shi ne mu nuna hoton cikakke, ba a taɓa ko gefensa ba. Na ce labulen ne shaidar cewa mutum ne ya gani da idonsa daga ɗaki. Duk gaskiya ne. Amma abin da ke raina daban: ba tare da labulen ba hoto ne mai kyau, tare da shi kuwa mai kallo ji zai yi kamar shi ne ya leƙa, numfashinsa a riƙe. Na san na ɗauki hoton rayuwata, kuma ba na son a rage min ko faɗin farce.

"Zan duhunta shi," na ce. "Ba wanda zai gane launi."

Na ja duhu a kan gefen har ya koma baƙi. Ta duba, ta dubi agogon hannunta, ana kiran ta daga ɗaki uku. "Ka tabbata?"

"Aikina ne," na ce. Karo na biyu ke nan a rana ɗaya.

Sauran mintunan na kashe su a kan abin da na ga ya fi muhimmanci. Kowane hoto yana ɗauke da bayani a ɓoye: sunan mai kyamara, lambarta, lokaci. Na goge su tas. Na rufe, na sake buɗewa, na sake dubawa. Sau uku na tabbatar sunana ba ya ko'ina.

Washegari jarida ta fito. A kwamfutar da aka rage wa haske gefen baƙi ne. A takarda, da kuma a wayoyin mutane, ga ja, ga rawaya, ga kore, sun ɗan dusashe amma ga su nan, faɗin yatsa biyu daga sama har ƙasa. Gwamnati ta riga ta sanar cewa tun sha biyun rana ba kowa a dandalin kuma ba a harba ko harsashi ɗaya ba. Kafin azahar hoton ya zaga duniya da agogonsa.

Ranar Asabar na bi ta dandalin a motar haya, na ɗaga kai. Tagar ba labule. Na ce wa kaina matar nan mai hankali ce, ta cire shi, shi ke nan. Ban sauka na tambaya ba. Bayan mako guda aka fara kama ma'aikatanmu, na tsallaka iyaka a bayan motar kaya, iyalina suka biyo ni daga baya.

Shekara biyu na yi a waje. Gwamnatin ta faɗi, ana cewa hoton yana cikin abin da ya kayar da ita, ni ma na sha faɗar haka a taruka, da ɗan sunkuyar da kai irin na masu tawali'u. Sunan da na goge sau uku na maido shi da manyan baƙaƙe. Aka ba ni lambar yabo, wani dunƙulen gilashi mai nauyi wanda matata take tokare ƙofar kicin da shi. In labulen ya faɗo min a rai sai in ce laifin batir ne. Da na dawo gida jaridar ta rufe, ni kuma na koyi zabura in an buga ƙofa da ƙarfi, sai na buɗe shagon fasfo.

A watan jiya Edita ta kira ni. Yanzu ita ke shirya baje kolin hotuna na cika shekara goma da faɗuwar gwamnatin.

"Naka ne a bakin ƙofa," ta ce. "Mita uku. Ka turo min kafin Alhamis."

"Zan turo. Amma zan yanke gefen hagu."

"Yanzu?" ta ce.

Da na koma gida na gaya wa matata, ina jiran ta yaba min. Tana yankan albasa, ba ta ɗago ba.

"Baban yara, labulen naka ne?"

"Hoton nawa ne."

"Ba hoto na tambaya ba. Shekara goma in za mu asibiti sai ka kauce wa dandalin ka zagaya da mu ta bayan kasuwa, wai cunkoso. Ranar Lahadi ma cunkoso. Ka je ka tambayi masu shi. In sun zage ka ka dawo, akwai abinci."

Na tafi ranar Talata da hantsi, da hoton a cikin ambulan. Benen yana nan, amma ɗakin ya zama wurin ajiye kwalayen waya. Mai kantin magani ya nuna min lungun baya, ya ce Baba ba ya iya hawa bene yanzu. Na tarar da ƙaramin shago mai keke ɗaya. Wata mace mai kimanin shekara talatin da biyar tana ɗinki. A gefe tela yana zaune a kujerar roba, ya rame, tef ɗin yana nan a wuyansa. Hannunsa na dama yana kan cinya, yatsun sun kama hanya daban-daban.

Na yi sallama. Ya dube ni daga ƙasa zuwa sama, ba daga sama zuwa ƙasa ba.

"Ƙugu talatin da takwas," ya ce. "Yanzu arba'in da huɗu. Zaman lafiya ya karɓe ka."

"Baba, na zo ne…"

"Wandon ne ya sake yagewa?"

Keken ya tsaya. Matar ta dubi mahaifinta, ta dube ni. "Baba, shi ne?"

"Shi ne. Ba shi kujera."

Ba ta ba ni ba. Ta ci gaba da zama a kan tata, ta ba ni labarin ina tsaye, da murya kamar tana karanta takardar asibiti. Ranar Alhamis da safe mahaifiyarta ta ga jarida ta cire labulen ta cusa ƙarƙashin katifa. Amma shekara goma sha biyar yana rataye a tagar nan, duk mai shago a dandalin ya san shi. Jami'ai suka bi shaguna da jarida a hannu suna tambaya, wani ya faɗa. Juma'a da safe suka zo. Suka tafi da Baba, suka tafi da labulen a leda a matsayin shaida. Wata goma sha huɗu ya yi. Ita ta bar makarantar jinya ta hau keke. A wata na tara mahaifiyarta ta rasu, hawan jini, Baba bai sani ba sai da ya fito.

"Sunanka suke so," in ji tela. "Kada ka ɗauka jarumta na yi. Da na san shi, tun marin farko da na ba su, har da na kakanka. Na ce musu ƙugu talatin da takwas, tsawo arba'in, yana ɗan jan ƙafar hagu. Ba su ma rubuta ba." Ya ɗaga hannun kaɗan ya maida. "Kullum yatsa ɗaya. Mutane ne masu tsari."

Na buɗe baki, sai na ji labarin da na saba yana fitowa da kansa. Na ce ranar babu wuta a ofis, na rage hasken kwamfuta saboda batir…

"Batir," 'yar ta ce.

Kalma ɗaya ce, amma shekara goma sha biyu ina jingine da ita, sai na ji yadda take a bakin wani. Sannan na ce, "A'a. An ce in yanke gefen. An nuna min da yatsa. Na ƙi."

"Don me?" in ji tela.

"Don ya fi kyau da shi."

Na jira zagin da matata ta yi min alkawari. Ya miƙo hannun hagu, na ba shi ambulan, ya zaro hoton da haƙori da yatsu ya ɗora a gwiwa.

"Ya fi kyau ɗin kuwa?"

"Ya fi, Baba."

"Matata ma haka ta ce. Da ta ga jaridar sai da ta yi dariya tukuna, ta ce Malam, labulena ya shiga jarida, kai da riguna dubu ko ɗaya ba ta shiga ba. Sannan ta zauna a ƙasa, don ta gane."

Na gaya musu zancen baje kolin, na ce na yanke shawarar cire gefen, ba za a ƙara ganin sa ba. Na faɗa kamar wanda ya kawo tsaraba.

"Ka cire?" 'yar ta ce. "Lokacin da cirewa za ta yi amfani ka ƙi. Yanzu da ba abin da ya rage sai a san an yi, za ka cire? Don wa? Don ka iya shiga ta ƙofar ba ka gan shi ba?"

Ta nuna hoton da ke kan gwiwar mahaifinta.

"Ka bar shi yadda yake," ta ce. "Ka kuma cire duhun da ka shafa masa. A ƙasa, inda ake rubuta sunanka, a rubuta tagar waye da wadda ta ɗinka labulen." Ta yagi gefen takardar awo ta rubuta sunaye biyu ta miƙo min ba tare da ta dube ni ba. Ranar na fara sanin sunansu.

Na juya zan tafi, tela ya ce, "Tsaya, mai hoto. Ana iya ƙara girman abu, ko?"

"Ana iyawa."

"To ni ba na son sojojin, na gan su ya ishe ni. Agogon ma kullum ina ganin sa. Wannan gefen za ka ciro min shi kaɗai, ka yi shi babba. Labulen ba su maido ba, mun je sau huɗu, wai ba a san inda ledar take ba. Matata kuma ba ta yarda a ɗauke ta hoto, ko na aure ba mu da shi." Ya ɗora yatsa a kan gefen. "A bakin nan tana da wani ɗinkin hannu, ƙanana, a jere kamar haƙoran yaro. Shekara talatin ina tela ban iya shi ba. Shi nake so in gani."

Na ce to. Ban ce aikina ne ba, aƙalla na koyi wannan.

Na koma shago, na rufe ƙofa, na ɗauko ainihin hoton daga inda nake ɓoye shi. Na ja layi a faɗin yatsa biyu, na watsar da sojoji da motar shara da takalma da agogo. Shi ne karo na farko da aka yanke hoton nan, kuma ni na yanke shi, bai ɗauke ni daƙiƙa uku ba. Na cire duhun. Launuka suka taso. Sannan na ƙara girma, sai na ga abin da na sani tun ina tsaye a gaban tela.

Kyamara wuri ɗaya take kafa ido. Na kafa mata shi a dandali, mita tamanin daga taga. Labulen yana tazarar taƙi ɗaya daga bakinta, don haka bai fito ba sai a matsayin hazo mai launi. Kwana biyu na yi ina gwada duk dabarar da na sani da wadda na tambayo. Kwamfuta tana iya ƙara haske, tana iya ƙara kaifi, har tana iya ƙirƙiro ɗinkin da ba na matar ba in na ce ta yi. Wanda matar ta yi da hannunta bai taɓa shiga kyamarar ba. Sauran hotuna biyar ɗin ma haka suke.

Na tura wa Edita hoton cikakke da sunayen biyu. Ranar Alhamis da rana na buga gefen a takarda mafi kyau da nake da ita, dogo kamar ɗankwali, na kai lungun.

Tela ya shimfiɗa shi a gwiwa, 'yar ta bar keke ta zo ta tsaya a bayansa.

"Wannan jan na rigar amaryar mai kantin magani ne," ya ce. "Wannan kuma na rigar makarantarki."

"Baba, tawa shuɗiya ce."

"To wannan."

"Wannan kore ne."

Ya bi bakin takardar da yatsa daga sama har ƙasa, a hankali, ya sake komawa sama. "Ɗinkin fa?"

"Bai fito ba, Baba. Idon kyamarar yana can waje."

"Ba a iya juyo da shi?"

"Sai a lokacin."

Ya gyaɗa kai kamar an gaya masa yadi bai isa ba. 'Yar ta koma kan keke, amma ba ta taka ba. Shi kuwa ya ɗaga takardar da hannun hagu ya kawo ta dab da hanci, ya miƙar da hannu ya nisanta ta, ya sake kawo ta kusa, ya ce wa 'yar ta miƙo masa tabarau. Ina tsaye a bakin ƙofa da ambulan ba komai a ciki, na san babu tazarar da zai riƙe ta ya gani, ban kuma iya ce masa ya daina ba.